Yadda ake samun takardar shaidar biyan haraji a Kamaru da inda ake neman ta

'Yan kasuwa da yawa a Garwa, Marwa da Ngaundere suna haɗa takardu uku wuri guda su kira su "takardar haraji", alhali kowace da aikinta. Akwai takardar rajista mai ɗauke da lambar NIU, wato lambar shaidar mai biyan haraji, wadda take nuna cewa hukumar haraji ta ƙasa, wato DGI, ta san da kai. Akwai rasit, wanda yake shaida cewa ka biya wani kuɗi a wata rana. Ta ukun ita ce takardar shaidar biyan haraji, wato attestation de conformité fiscale, wadda daga shekarar 2024 ta maye gurbin attestation de non-redevance, kuma ita ce take tabbatar da cewa ka bayyana abin da doka ta ce ka bayyana, hukuma kuma ba ta bin ka bashi.

Matakin farko shi ne mallakar NIU. Ana yin rajistar a shafin impots.cm da katin shaidar ɗan ƙasa, kuma ya kamata a rubuta suna daidai yadda yake a katin, domin bambancin rubutu irin na Mahamat da Mohamadou yana iya tsayar da takardu a banki. Wanda ya taɓa samun lamba kada ya nemi wata, domin lamba ɗaya ake ba mutum.

Bayan haka sai ka je cibiyar harajin da kake ƙarƙashinta ka tabbatar da tsarin da aka sa ka, ko na ƙananan 'yan kasuwa ne ko na masu bayyana ciniki kowane wata kafin ranar 15. A nan ne akasarin mutane suke makalewa. Na'urar hukumar haraji ba ta duba kuɗin da ka biya kawai, tana duba ko akwai watan da ka tsallake ba ka shigar da bayani ba, ko da a watan shagonka a rufe yake. Irin wannan wata ma ana shigar da bayaninsa, a nuna cewa babu ciniki.

Idan akwai bashi, ka fitar da takardar biya daga shafin, ka biya ta banki ko ta kuɗin waya, ka adana rasit. A ganina bai dace a miƙa wa ɗan tsakani kuɗi a hannu ba, domin abin da bai shiga asusun hukuma ba, na'urar ba za ta lissafa shi ba. Da zarar lissafinka ya daidaita, sai ka shiga asusunka na shafin ka sauke takardar shaidar biyan harajin da kanka.

Ana neman ta wajen neman kwangilar gwamnati ko ta ƙaramar hukuma, wajen karɓar kuɗin aikin da aka yi wa gwamnati, wajen shigo da kaya ko fitar da su, wajen tura kuɗi ƙasar waje, da wajen neman biza a ofishin jakadanci, abin da ya shafi masu zuwa sarin kaya Dubai ko Sin. Wa'adinta wata uku ne, yana komawa wata ɗaya ga wanda aka yi wa sassaucin biyan bashi. Saboda haka mai tafiya Yawunde neman biza ya duba ranar da aka ba shi ta zuwa ofishin jakadanci tukuna, sannan ya sauke takardar, kada ta mutu yana hanya.