Mota na ƙas-ƙas ta ƙi tashi: kurakuran da muke yi

Abin ya faru da ni a Birnin Kebbi cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, na fito zan kai yara makaranta na murɗa ki sai na ji ƙas-ƙas-ƙas, injin ko motsi bai yi ba. Nan take na ce batir ya mutu, na tare ɗan kabu-kabu na je na sayo sabo, aka ɗaura ta tashi, bayan kwana huɗu ta sake yi min haka a hanyar Jega. Wani tsohon mai rewaya a bakin titi ya buɗe bonet ya kama kan batir ya juya shi da yatsu biyu kawai, ya ce min "Alhaji batirinka lahiya lau shike, kan nan ne ba ya kamawa." Wani farin gari mai ɗan kore ya cinye cikin kan, noti kuma ya gaji. Wallahi har yau ina jin zafin kuɗin nan.

Kuskure na farko kenan, sayen batir kafin a duba kansa. Ka fara cire kan nagatif, wato mai alamar −, tukuna, ka wanke garin da ruwan zafi da bekin soda, ka goge da samfefa har ƙarfe ya yi haske, ka mayar ka ɗaure da sifana, nagatif ɗin shi ne na ƙarshe. Amma don Allah a daina dukan kan batir da dutse ko cusa ƙusa a ciki, yau za ta tashi gobe ka tsaga wurin.

Sannan mutane ba sa sauraron ƙarar. In ƙas-ƙas ɗin da sauri take zuwa a jere, yawanci wuta ce ba ta isa, ko batir ya yi sanyi ko kai ya saki. In kuma ƙas ɗaya ce mai ƙarfi sai shiru, to hankalinka ya koma kan kik, wato na'urar da ke juya inji ya tashi, ko kabon ɗin da ke cikinsa ya cinye ko solonoyid, makunnin da ke tura masa wuta, ko wayar at da ke haɗa batir da jikin inji. Kunna fitila ka sa wani ya tsaya gaba ka murɗa, in ta dushe kamar za ta mutu wuta ce matsalar, in tana nan tar to duba kik. Wanda ke da mitar auna wuta ya fi kowa hutawa, cikakken batir volt 12.6 yake nunawa, in ya sauko 12.0 ya yi ƙasa sosai, in ana murɗawa ya faɗi ƙasa da 9.6 ya gaji. Kuma kar ka danne ki kana ta murɗawa, daƙiƙa 10 ta isa ka bar shi ya huce, in ba haka ba kik ɗin da ke da lafiya ma sai ya ƙone.

Wanda ya fi damuna shi ne aron batir. A cire na maƙwabci a ɗaura a tayar da mota, sannan inji na aiki a zare shi a mayar da naka, wasu ma haka suke gwada altaneta, na'urar da ke cajin batir, su cire kan batir su ga ko mota za ta mutu. A tsohuwar Fijo 504 an sha yi an tsira, amma motocin yanzu irin su Corolla da Civic duk suna da birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, kuma batir ne ke danne hawa da saukar wutar da altaneta ke turowa, da zarar ka zare shi wutar na iya yin tsalle ta ƙona birenbos ko ita altanetar kanta, kuɗin gyaran kuwa ya ninka na batir. Ka nemi wayar jam, wayoyin nan ja da baƙa da ake jona batirin mota biyu da su. Ja a fositif, wato mai alamar +, na mataccen batir, ɗaya bakin jan a fositif na mai rai, baƙa a nagatif na mai rai, bakinta na ƙarshe a jikin ƙarfen injin motar da ta ƙi tashi. Ka duba alamar + da − da idonka, kar ka yarda da launin wayar da ke jikin batirin don an sha canza su. In ta tashi a sa mita, altaneta mai lafiya tana ba da 13.5 zuwa 14.5, in ba ta kai ba ko sabon batir ka saya zai sake sauka.

Turi kuma na mai giyar hannu ne, otomatik ko matasan unguwa duka sun taru ba za ta tashi da turi ba. Ruwan batir in ya ƙafe, zafinmu kuwa yana ƙafar da shi, tataccen ruwan batir ake zubawa, banda ruwan rijiya ko na leda, banda ƙara asid.

Sai na damina. In ka shiga ruwa mai zurfi mota ta mutu a ciki, ka murɗa ka ji ƙas ɗaya, cire hannunka daga ki, mai yiwuwa ruwa ya shiga inji, ƙarin murɗawa na iya lanƙwasa ƙarfen fistin. A jawo ta, makanike ya cire fulogi ya fitar da ruwan tukuna.