Darasi na 9: Tsutsar ciki a jikin kwikwiyo

A ƙauyenmu akwai wani dattijo maharbi. Da damina karyarsa ta haifi 'ya'ya shida. Kafin su cika wata guda biyu sun mutu. Sauran huɗun kuwa ciki ya kumbura kamar tulu, haƙarƙari duk a waje, gashi ya yi cibiri-cibiri. Ranar kasuwa ya sa ɗaya a kwando ya kai wa malamin dabbobi.

Bayan sun gaisa ya ce, "Malam, ko sammu aka yi musu? Nono kawai suke sha, ko ƙofar gida ba su taɓa leƙawa ba."

Malamin ya ɗaga leɓen kwikwiyon. "Baba, dubi dasashinsa. Na mai lafiya ja-ja yake, wannan ga shi fari fat. Tsutsa ce ke shanye masa jini."

"To, a ina ya samo ta?"

"Wajen uwarsa, Baba."

Gaskiya malamin ya faɗa. Yawancin 'yan kwikwiyo da tsutsa ake haihuwarsu. Ƙananan 'ya'yan tsutsar suna kwance shiru a naman jikin karya. Idan ta ɗauki ciki sai su farka, su bi jini su shiga jikin ɗan tun bai zo duniya ba. Wasu kuma ta nono suke bi. Saboda haka ko uwa ta yi ƙiba tana sheƙi, kada ka ce 'ya'yanta sun tsira.

Irin tsutsar da za ka gani

Macijin ciki fari ne, dogo, kamar taliya. Yakan wuce tsawon yatsa. Za ka gan shi a kashi ko a amai. Shi ne ke kumbura ciki, ya cinye abincin da kwikwiyo ya ci. In ya yi yawa yakan toshe hanji.

Wadda ta fi kisa ita ce tsutsa mai ƙugiya, kuma da wuya ido ya gan ta don ƙanƙanta. Takan maƙale a bangon hanji tana tsotson jini. Kashin kwikwiyon sai ya yi baƙi kamar kwalta, dasashi ya yi fari, jiki ya mutu. Kwikwiyo ɗan mako 2 ko 3 ba shi da jini mai yawa, kwana kaɗan sun isa a rasa shi. Duk wanda ya ga dasashi fari, kada ya jira ranar kasuwa kamar yadda dattijon nan ya yi.

Akwai kuma tsila. Gutsattsarinta kamar ƙwayar shinkafa suke, a kashi ko a gashin gindin wutsiya. Kare na samunta idan ya haɗiye ƙuma wajen susa da haƙori. In ba a kashe ƙuma ba, tsila za ta dawo.

Ba kowane zawo ne tsutsa ba

Nan ne mutane suka fi yin kuskure, kuma abin yana damuna. Kwikwiyo mai tsutsa yakan ci abinci, har ya yi ɗan wasa, sai dai ba ya girma. Amma idan ya ƙi ci gaba ɗaya, yana amai ba ƙaƙƙautawa, yana zawon jini mai mugun wari, ya kwanta lakwas, to mai yiwuwa cutar fabo ce, wata muguwar cutar hanji mai yaɗuwa tsakanin karnuka. Maganin tsutsa ba ya taɓa ta. Ƙarin ruwa take buƙata a asibitin dabbobi, a ranar, kuma a raba shi da 'yan'uwansa. Allurar rigakafinta ana fara ta ne daga mako 6 zuwa 8.

Ga gwaji mai sauƙi. Kama fatar bayan wuyansa ka ɗaga, ka saki. In ta koma nan take, da sauran ruwa a jikinsa. In ta tsaya a tattare, ruwa ya ƙare. Irin wannan ba a ɗura masa magani a gida. A bari malami ya fara farfaɗo da shi.

Yadda ake ba da magani

Ana farawa kwikwiyo yana da mako 2. A sake a mako 4, da 6, da 8. Daga nan sau ɗaya a wata har ya kai wata 6, sannan duk bayan wata 3. A ba uwar ita ma tare da su.

Me ya sa sau ɗaya bai isa ba? Maganin yana kashe manyan da ke zaune a hanji ne kawai. Ƙananan a lokacin suna kan hanya, suna ratsa hanta da huhu. Bayan kamar mako 2 sai su iso hanji su girma. Wanda ya ba da magani sau ɗaya ya ga tsutsa ta zubo ya ce an gama, ya yi shara ne ya bar ƙofa a buɗe.

Na ruwa mai suna firantel shi aka fi ba ƙananan, yana kashe macijin ciki da mai ƙugiya. Fenbendazol ma yana yi, amma kwana 3 a jere ake bayarwa. Fifarazin macijin ciki kaɗai yake kashewa. Tsila maganinta daban ne, a tambayi malami.

Da nauyi ake auna magani, ba da ido ba. Ɗora kwando a sikeli ka rubuta nauyinsa. Sa kwikwiyon a ciki ka sake rubutawa. Cire na farko daga na biyu. Zuba maganin da sirinji marar allura ta gefen baki, a hankali, kada ya shaƙe.

Ina roƙonku, kada a yi wa kwikwiyo allurar aibamektin ta shanu da ka. Ɗan abin da ya wuce kima yana sa shi makanta, karkarwa, har mutuwa. Haka fanadol na mutane, da kananzir, da taba: duk guba ne a gare shi.

Yaranmu ma abin ya shafe su

Ƙwan tsutsa na fita a kashin kare, ya zauna a ƙasa shekara da shekaru. Yaro mai rarrafe ya sa ƙasa a baki, tsutsar ta shiga jikinsa, wani lokaci har ido. Mai ƙugiya kuma tana huda fatar mai yawo ba takalmi, ta bar jan layi mai ƙaiƙayi. Ƙwan macijin ciki sai ya yi mako 2 ko fiye a ƙasa kafin ya iya kama wani, shi ya sa kwashe kashi kullum yake da amfani sosai. A binne shi da zurfi, a wanke hannu da sabulu. Ranar layya kuma, huhu ko hanta mai ƙulli da ruwa a ciki kada a jefa wa kare ɗanye, don yakan sa masa wata irin tsila da ƙwanta ke kama mutane.

Aikin gida

Kwando shi kaɗai kilo 1 ne. Da kwikwiyo a ciki ya zama kilo 3. Nawa ne nauyin kwikwiyon?

Karya ta haihu ranar 1 ga Yuli. Rubuta ranaku huɗu na farko da za a ba 'ya'yanta magani, ka zo da takardar aji na gaba.