Yadda ake gyara fasalin kod a VS Code ba tare da ɓata aikinsa ba

Duk wanda aka miƙa wa manhajar ofishin da ke kama wa alhazai masauki a Makka ko Madina ya san irin kod ɗin da ake rubutawa cikin gaggawa ana gab da Hajji: fankshin guda, wato guntun kod mai suna da ke yin wani aiki, ya kai layi 200, sunaye irin su x da t2, ga 0.15 an watsa shi ko'ina. Manhajar tana aiki, amma babu mai iya karanta ta sai wanda ya rubuta. Gyaran fasali shi ne ka sauƙaƙa karatun, lissafin kuma bai motsa ko da halala ɗaya, wato kwabon Saudiyya, ba.

Kafin ka taɓa komai, ajiye kod ɗin a Git, manhajar da ke adana tarihin duk canjin da aka yi wa kod. In babu rubutaccen gwaji, ɗauki tsofaffin rasidai uku, ka rubuta jimillar kowanne, ka riƙa kwatantawa bayan kowane gyara.

Fara da sunaye. Ɗora alamar rubutu a kan t2, danna F2, ka sa masa suna mai ma'ana kamar kudinDaki. VS Code, wato editan da kake rubuta kod a cikinsa, zai canza shi a duk fayilolin da ke kiransa. Kada ka yi wannan da Ctrl+H, don shi haruffa kawai yake gani, zai afka wa duk kalmar da ke ɗauke da t2. Sai dai F2 ma yana da iyaka: ba ya shiga rubutun da ke cikin alamar zance. In sunan yana cikin umarnin SQL (yaren magana da rumbun bayanai) ko bayanan JSON (wani tsarin rubuta bayanai) da sabar ke aikowa, zai bar shi yadda yake, kuma ba za ka ga kuskuren ba sai manhajar ta tashi aiki. Don haka bi sawun tsohon sunan da Ctrl+Shift+F. Haruffan Hausa irin su ƙ da ɗ kuwa, JavaScript da Python suna karɓarsu a suna, amma abokin aikinka in Balarabe ne ba shi da su a allon rubutunsa, gara a bar su.

Sai lambobi. A ranar 1 ga Yuli 2020 Saudiyya ta ɗaga harajin saye daga kashi 5 zuwa 15, kuma wanda ya watsa 0.05 a wuri ashirin sai da ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Zaɓi 0.15, danna Ctrl+Shift+R, ka ɗauki Extract to constant, ka sa masa suna HARAJI. A nan ake yin ɓarna: ba kowane 0.15 ne haraji ba, wani rangwamen ayari ne. In ka haɗe su, ranar da haraji ya canza rangwame ma zai bi shi. Karanta kowane layi kafin ka musanya.

Dogon fankshin kuma, zaɓi layukan da ke aiki ɗaya, misali ƙirga kwanakin zama, ka cire su da Extract to function. Wannan yana nan a JavaScript da TypeScript, mai Python sai ya saka Pylance, wani ƙari da ake ɗora wa VS Code. In sabon fankshin ya nemi abubuwa shida kafin ya yi aiki, ba a gaɓa ka yanka ba. Koma da Ctrl+Z ka sake zaɓa.

Kowane gyara ɗaya, gwaji ɗaya, ajiya ɗaya a Git. In ka ci karo da kuskuren lissafi a hanya, rubuta shi gefe ka gyara shi a ajiya dabam, don in jimilla ta canza a san wanne ya jawo.