Yadda na gyara shokozobar gaba da ta sandare da sanyi

Babur ya daina lotsawa a gaba, ƙafar shokozobar ta hagu kuma tana tsiyayar mai. Dalili biyu ne: tsohon mai ya yi kauri saboda sanyi, sannan gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara ya sa tsatsa ta ci bututun shokozobar, ita ce ta yage robar da ke tare mai.

Na ɗaga tayar gaba, na sassauta murfin sama tun bututun yana maƙale a jikin babur, don in ka cire shi tukuna sai ya riƙa juyawa a hannunka. Na zare sifirin, na tsiyaye man tas, na goge tsatsar da sanfefa mai lamba 1200 da ɗan mai. Na sa sabuwar roba da ta ƙura, bayan na rufe bakin bututun da leda kada ya yanke su.

Mai 10W (lambar kaurin man ke nan) na zuba, yadda littafin babur ɗin ya ce. A auna tsayinsa daga baki, bututu a danne, babu sifirin, kuma ƙafafun biyu su zo daidai. In mai ya yi yawa, gaba za ta sake tauri.