Matakan Zaɓen Kalmar Turanci Wajen Bayyana Ɗan Ƙaramin Ciwo

Ɗalibin aikin jinya a Katsina yana jin koken majinyaci da Hausa, amma da Turanci zai rubuta shi a kati, kuma a nan ne ake yawan cuɗanya kalmomi masu kama da juna.

Da farko, a tambayi majinyaci ko sai an taɓa wurin yake jin zafi. Idan ya ce, "Malam, sai ka danna nake ji," to "tender" za a rubuta, kamar dantsen da aka yi wa allura jiya.

Na biyu, a binciki abin da ya jawo ciwon. Idan wahala ce ko gogayya, kamar manomin da ya wuni yana huɗa har kafaɗunsa suka yi tsami, ko mai maƙogwaron da ƙurar hunturu ta sa haɗiyar yawu ta yi masa wuya, "sore" ta fi dacewa. A ganina wannan matakin ne ya fi buƙatar natsuwa, domin ana yawan musanya ta da "achy", wadda ke nufin ciwon da ya bazu cikin gaɓoɓi yana nuƙurƙusar mutum ba tare da tsayayyen wuri ba, irin na farkon zazzaɓin cizon sauro.

Daga nan a duba yanayinsa: ciwon da ba ya suka, sai dai nauyi-nauyi, "dull" ne. Wuyan da ya ƙage bayan barci kuwa "stiff" ne.

A ƙarshe, idan ciwon bai hana shi barci ko aiki ba, a rubuta "mild pain", sannan a ambaci wurin da yake.