Yadda Ake Zaɓen Tsawo da Faɗin Gadon Lilo na Kwanan Daji

Wanda ya taɓa kwana a gadon lilo ya tashi da ciwon baya, galibi ya kwana ne a wanda ya yi masa gajarta. Masu sayarwa sun fi tallata faɗi, suna cewa wannan na mutum biyu ne, amma tsawo shi ne yake raba daɗin barci da wahala. Maganar nan kan irin gadon da ake tattare bakinsa biyu a ɗaure ne, ba mai sanda a kai da ƙafa ba.

A fara da yadda ake kwanciya, domin daga nan duk awon ya samo asali. Ba a miƙewa a tsakiya daga igiya zuwa igiya. Yin haka yana lanƙwasa mutum kamar ayaba. Ana kwanciya ne a karkace, kai ya ɗan koma hagu, ƙafafu su koma dama, ko akasin haka. Mutanen Yukatan a Meziko da na arewacin Birazil, waɗanda gadon lilo ne makwancinsu na kullum, haka suke yi. A karkacen nan ne yadin yake bajewa a ƙarƙashin jiki har bayan mutum ya kusa miƙewa sak. Gajeren gado kuwa ba ya ba da wannan fili, saboda kai da ƙafa suna isa wurin da yadin ya tattare.

Ana auna tsawo da yadin a shimfiɗe, daga baki zuwa baki, ban da igiyoyi. A tambayi mai sayarwa wannan musamman, don wasu suna haɗawa da igiya su faɗi adadi mai girma. Mai mita 2.7, wato ƙafa 9, na hutun rana ne da yara. Mai mita 3 yana isar wanda tsawonsa bai wuce santimita 170 ba. Daga nan zuwa wajen 185, mita 3.3, wato ƙafa 11, shi ne ya dace, kuma shi ne awon da akasarin masu kwanan daji suka tsaya a kai. Dogon da ya haura haka ya nemi mita 3.6. In ana shakka tsakanin biyu, a ɗauki mafi tsawo. Ƙarin nauyinsa a jaka kaɗan ne.

Alamun gajarta a bayyane suke. Wani tudu yakan taso a tsakiyar yadin, mai tauri kamar igiyar da aka ja, ya tokare sharaɓa ko bayan gwiwa, har ƙafa ta yi sanyi cikin dare. Gefuna kuma sukan matse kafaɗu su tura su ciki. Duka biyun suna raguwa sosai idan tsawo ya ƙaru da santimita 30 kacal.

Faɗi bai kai haka rikici ba. Santimita 147 zuwa 152, wato inci 58 zuwa 60, ya wadaci yawancin mutane. Dogo ko mai faɗin kafaɗa, ko mai kwanciya a gefe ɗaya yana naɗe gwiwa, zai fi sakewa a 165 zuwa 180. Ƙasa da 130 yana hana karkacewa, ƙafa ta riƙa zamewa waje. Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen mai faɗi ƙwarai amma gajere: yadin da ya yi saura sai ya tashi kamar bango ta kowane gefe, yana faɗowa a fuska, yana tare iska, kuma tudun nan na sharaɓa yana nan daram. Shi kuwa wanda ake kira na mutum biyu, zama ya dace da shi. Mutum biyu ba sa jin daɗin barci a ciki, nauyi yana gangaro da su wuri ɗaya.

Mai son ya kai wa tela ya sayi yadi 4 na nailan mai ƙarfi, mai faɗin inci 60. Yadi 4 mita 3.66 ne, bayan an naɗe kowane baki an yi hanyar zura igiya da ɗinki layi uku, an kuma kalmashe gefuna, zai rage kusan mita 3.4. Kada a haɗa ƙyalle biyu da ɗinki a gicciye a tsakiya, nan ne yake fara yagewa. Atamfa ba ta dace ba: faɗinta bai kai ba, kuma auduga tana shan ruwa ta daɗe ba ta bushe ba. Nailan mara kauri yana miƙewa a ƙarƙashin mai nauyi, don haka a duba kilon da aka rubuta yadin zai ɗauka.

Awon da ya yi daidai ma ba zai yi amfani ba in an ɗaure gadon tamau. Dole ya yi ciki. Igiyoyin su sauko daga bishiya da kusurwar digiri 30, in an auna daga shimfiɗar ƙasa. A wannan kusurwa kowace igiya tana ɗaukar daidai nauyin mai kwanciya. In aka ja ta har ta koma digiri 5, abin da take ɗauka ya kusa ninka nauyinsa sau shida, shi ya sa ɗinki ke fashewa. Hanya mafi sauƙi ta daidaita cikin ita ce a ɗaura siririyar igiya marar miƙewa daga bakin gado zuwa ɗaya bakin, tsawonta kashi 83 cikin 100 na tsawon yadin. Ga gado mai ƙafa 11, wannan kusan mita 2.8 ke nan. Ga mai mita 3, kusan 2.5. Idan an kwanta, igiyar ta miƙe amma yatsu biyu su iya lanƙwasa ta. In ta yi tauri kamar tsirkiya, a ɗaga madauri sama a jikin bishiya a sassauta. A kanta kuma ake rataya gidan sauro da tocila.

Tsawon gado yana jawo sauran kaya. Mai ƙafa 11 yana son bishiyoyi masu tazarar mita 4 zuwa 4.5, madauri a tsayin kai, wurin zama kuma kamar santimita 45 daga ƙasa, tsayin kujera. Madaurin ya kai faɗin santimita 2.5 don kada ya yanka ɓawon bishiya. Ɓangaren ƙafa ya ɗara na kai tsayi da santimita 15 zuwa 30, in ba haka ba jiki yana sulalewa wajen ƙafa. Tamfol ya wuce siririyar igiyar nan ta saman gado da kamar santimita 25 ta kowane baki, gidan sauro ma a auna shi da tsawon gadon kafin a biya kuɗi, domin wanda aka yi wa gado mai mita 2.7 ba zai rufe mai 3.3 ba.