Yadda za ka riƙe guruf ɗin dangi a daren duban wata

Agogon Saudiyya yana gaban na Ghana da awa 3, na Najeriya kuma yana gaban na Ghana da awa 1. Wannan tazarar ce ke kunna yawancin rigimar da ake yi a WhatsApp ranar 29 ga Ramadan. Lokacin da rana ke faɗuwa a Makka, mu a unguwannin Accra irin su Nima da Mamobi da Fadama muna wajen la'asar, don haka saƙon "an ga wata" yakan shigo waya tun kafin a fara duban sama a Accra. Ɗan'uwa na Kano ya turo sanarwar Sarkin Musulmi, na Landan ya turo ta masallacinsu, kowa kuma gaskiya ya faɗa game da inda yake. Wanda ke zaune a Madina Zango, nan yankin Accra, shi ne ke rasa ta wa zai bi.

Idan kai ne admin, aikinka ya fara tun kwana 3 kafin daren. Ka tuntuɓi babban gidan, a tsayar da magana ɗaya: sanarwar wa wannan gida yake bi? Gidaje da yawa na jiran ofishin Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, da kwamitin duban wata na ƙasa. Wasu kuma na bin limamin ɓangarensu. Ba a guruf za a warware wannan saɓanin na malamai ba, kuma kada ka gwada. Abin da kake nema kawai shi ne a rubuta matsayar gidan a layi biyu, da sunan babban da ya amince, sannan ka danne saƙon da yatsa ka maƙale shi a saman hira. WhatsApp zai tambaye ka awa 24, kwana 7 ko kwana 30. Zaɓi kwana 7.

Da la'asar ta ranar 29, ka taɓa sunan guruf, ka shiga wurin izini, ka kashe damar tura saƙo ga kowa, ya rage admin kaɗai. Amma ka sanar tukuna, cewa za a rufe daga la'asar har sanarwa ta fito. Rufewa ba sanarwa ita ce ke sa kawu ya ɗauka bakinsa aka toshe, kuma wannan fushin yakan wuce Sallah. Ka naɗa admin na biyu a wata unguwa, saboda wuta na iya ɗaukewa ko datarka ta ƙare daidai lokacin da ake jira.

Kafin ka saka kowace sanarwa, duba abu uku. Takardar tana ɗauke da kwanan wata na bana? Ta bara da ta bara waccan suna dawowa kowace shekara kamar sababbi. Akwai kibiya biyu a saman saƙon? Alama ce an yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu aƙalla sau 5, asalinsa ya ɓace. Sannan gidan rediyo ko talabijin, irin su GTV, sun faɗa? Saƙon murya da ba sunan mai magana, ba wuri, ba rana, ka bar shi inda ka gan shi komai daɗin larabcin da ke cikinsa.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen gyara wa babba. Idan baba ko gwaggo ta turo tsohon bidiyo, kada ka amsa a gaban jikoki. Kira ta: "Gwaggo, barka da shan ruwa. Bidiyon nan kamar na bara ne, ko in cire mana shi kafin yara su ajiye azumi?" Kusan kullum za ta ce cire. Admin na iya goge saƙon wani ga kowa cikin kwana 2, sai dai wurin zai nuna cewa admin ne ya goge, shi ya sa kiran yake zuwa kafin gogewar. Naka rubutun kuwa, minti 15 kake da su ka gyara shi. In gardama ta yi zafi tsakanin mutum biyu har amsa ta kai uku-uku, rubutu ba zai ƙara komai ba, domin ba ya ɗauke da murya ko fuska. Ka ce su kira juna. Wanda ransa ya ɓaci ya kashe ƙarar guruf na awa 8, ya fi masa ficewa, don dawowar tana da nauyi.

Ɓarayi ma sun san daren. Ana ta tura goron Sallah da kuɗin ɗinki ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, hankali ya rabu. Saƙo zai shigo cewa sidi 500 sun faɗo maka, sai kira ya biyo: "Yi haƙuri Alhaji, kuskure na yi, mayar mini." Kada ka dogara da saƙon. Buga *170# idan MTN kake, ka duba abin da ke asusunka da idonka. Lambar sirrinka ba ta kowa ba ce, ko da mai kiran ya ce daga kamfani yake, kuma duk buƙatar cire kuɗi da ta fito a fuskar waya ba kai ka nema ba, ka soke ta.

Ɗaya dabarar ita ce a ce maka za a yi taron dangi ko addu'a ta intanet, ka karanto lamba 6 da aka turo maka. Lambar rajistar WhatsApp ɗinka ce. Da ka bayar, asusun ya koma hannunsu, su shiga roƙon kuɗi da sunanka a wurin 'yan'uwa. Rigakafinsa yana cikin saitin asusu: kunna tabbaci mai mataki biyu, ka sa lamba 6 taka ta kanka da adireshin imel. Yi wa iyaye da kakanni wannan a wayoyinsu kafin goman ƙarshe. In an riga an ƙwace, sake yin rajista da layinka nan take, wannan zai fitar da ɓarawon. In ya riga ya sa tasa lambar sirri, za ka jira kwana 7. A tsakanin nan wani admin ya cire lambar daga guruf, ya sanar kada a tura ko sisi, a kuma kai rahoto ga hukumar tsaron intanet ta ƙasa a lamba 292.

Da sanarwa ta tabbata, saka ta sau ɗaya tare da wurin idi da lokacinsa, ko filin Black Star ne ko na unguwa, sannan ka buɗe guruf a yi barka da Sallah. Masu ƙaramar data su kashe saukar bidiyo ta kai tsaye tun daren, domin hotunan sabon ɗinki da na hawan sarakunan zango za su fara shigowa da an sauko idi.